Dama da Hagu a Kan Teku: Tarihin Kalmomi Biyu na Jirgin Ruwa

Gabatarwa

Fasinjan da ya shiga ɗaya daga cikin manyan jiragen ruwa na yawon buɗe ido, a Bahar Rum ko a tekun Karibiyan, yakan tarar ma'aikata ba su cewa dama ko hagu idan suna nufin ɓangarorin jirgi. Da Ingilishi, ɓangaren dama shi ne "starboard", na hagu kuwa "port". Sau da yawa akan ɗauki wannan a matsayin ƙawa ta 'yan sana'a. Wannan maƙala za ta nuna cewa daga ƙirar jirgi kalmomin suka samo asali, kuma hukuma ta sa hannu ta gyara su ne domin kuskuren ji a kan teku yakan jawo asarar rayuka.

Dalilin Keɓe Kalmomin

Dama da hagu mai magana suke bi. Idan mutum biyu suka fuskanci juna, daman wannan shi ne hagun wancan. A tudu Bahaushe yakan kauce wa wannan ruɗani ta yin kwatance da gabas da yamma, kudu da arewa. To, amma jirgi juyawa yake yi, gefen da ke gabas da hantsi yana iya komawa yamma da la'asar. Saboda haka sai aka liƙa sunayen a jikin jirgin kansa. "Starboard" shi ne daman wanda ya fuskanci goshin jirgi, kuma ba ya sauyawa ko ina mai magana ya juya.

Asalinsu

A tsohon Ingilishi ana cewa "steorbord", wato gefen tuƙi. Jiragen arewacin Turai na wancan zamani da wani babban filafili ake juya su, wanda ake ɗaurewa a gefen dama wajen baya, tun da yawancin mutane da hannun dama suke aiki. Ana ganin haka a dogon ƙyallen nan mai surfani na garin Bayeux, wanda ya nuna jiragen da suka haye daga Faransa zuwa Ingila a 1066. Ɗaya gefen kuwa "baecbord" ne, wato gefen da matuƙi ya ba baya. Har yau Jamusanci yana riƙe da duka biyun.

Wajen ƙarshen ƙarni na 12 aka fara kafa allon tuƙi a tsakiyar bayan jirgi a arewacin Turai. Filafilin gefe ya ɓace, amma sunan ya tsaya, kamar yadda Hausa take cewa "waya" ga na'urar da ba ta da zaren waya ko ɗaya. Sunan gefen hagu kuwa sauyawa ya yi, ya zama "larboard", wanda masana da yawa suke dangantawa da lodin kaya.

A nan matsala ta ɓullo. "Starboard" da "larboard" sun yi kama a kunne, balle a ce cikin hadari da rugugin igiyar ruwa aka ƙwala su. Tun ƙarni na 16 wasu matuƙa suke amfani da "port", kalmar da ke nufin tashar jirgi. Bayanin da aka fi yi shi ne, da gefen hagu ake jingina jirgi a tasha don kada filafilin ya karye. A 1844 hukumar sojan ruwa ta Ingila ta ba da umurni a bar "larboard" a riƙi "port", ta Amurka kuma ta bi sahu a 1846. A 1848 Ingila ta wajabta wa jirage masu tafiya da tururi kunna koriyar fitila a dama da ja a hagu. Wannan tsari yana nan cikin dokokin duniya na hana karon jirage na 1972.

Umurnin Tuƙi

Har ila yau da sauran rina a kaba. A dā da sanda ake juya allon tuƙi, idan an tura ta dama sai jirgi ya karkata hagu. Ko bayan da sitiyari ya maye gurbin sandar a farkon ƙarni na 18, sai aka ci gaba da ba da umurni bisa motsin sanda. Shi ya sa a daren 14 ga Afrilu, 1912, da aka hango dutsen ƙanƙara a gaban jirgin Titanic, umurnin da aka bayar ya ambaci "starboard" alhali hagu ake so jirgin ya yi. Wannan daidai ne bisa al'adar lokacin, sai dai al'ada ce mai ruɗa baƙo. Yarjejeniyar kare rayuka a teku da aka ƙulla a Landan a 1929 ta soke ta, jiragen Ingila kuma suka koma ga sabon tsari ranar 1 ga Janairu, 1933.

Fasinja da Kalmomin

Jiragen tururi na ƙarni na 19 su suka shigar da kalmomin bakin matafiya. Kamfanin Elder Dempster, alal misali, ya yi jigilar fasinja tsakanin Ingila da Legas har zuwa 1974. Da jirgin sama ya ƙwace kasuwar dogon zango, sai jiragen fasinja suka koma ga masu yawon shaƙatawa. Da yaɗuwar kalmomin kuma sai ƙage ya shigo. Akan ce kalmar "posh", mai nufin abin ƙasaita, daga tikitin attajirai masu zuwa Indiya ta fito, waɗanda suke kama ɗaki a hagu wajen tafiya, a dama wajen dawowa, don gudun rana. Ba a taɓa samun irin wannan tikiti ba, masana asalin kalmomi kuma ba su karɓi labarin ba.

Amfanin kalmomin na gaskiya ran masifa yake bayyana. Ranar 13 ga Janairu, 2012, jirgin Costa Concordia ya bugi dutse kusa da tsibirin Giglio a Italiya, ya kwanta ta gefen dama, har saukar da kwalekwalen ceto na gefen hagu ya yi wuya. Mutum 32 suka rasu. Ɗaruruwan fasinjojin da suka shiga a ranar ba a riga an nuna musu wurin taruwarsu ba, domin doka ta ba da sararin awa 24. Daga 2015 aka wajabta yin wannan atisaye kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi.

Kammalawa

A taƙaice, wannan tarihi yana da darasi ga masu ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi a Hausa. Kalmomi biyu masu kishiyantar juna wajibi ne su bambanta a kunne, ma'anarsu kuma ta tsaya wuri guda. "Dama" da "hagu" sun cika sharaɗi na farko. Na biyun kuwa yana samuwa idan an jingina su ga jirgin, aka ce daman jirgi da hagun jirgi, aka kuma koyar da cewa daga mai fuskantar goshi ake lissafi.