Dajin Falgore

Dajin Falgore, wanda a da ake kira Gandun Dajin Kogin Kano, gandun namun daji ne da ke kudancin Jihar Kano a arewacin Najeriya, kimanin kilomita 150 daga birnin Kano. Faɗinsa ya kusan murabba'in kilomita 1,000, ya kuma ratsa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Shi ne daji mafi girma da ya rage a jihar, kuma ta cikinsa Kogin Kano yake bi kafin ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga. Sunan ya samo asali ne daga garin Falgore na ƙaramar hukumar Doguwa, ba Falgoren da ke ƙaramar hukumar Rogo ba.

Matsayinsa a ƙasar Kano

Ƙasar Kano tana cikin yankunan karkara mafiya cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. A ƙananan hukumomin da ke kewaye da birni, irin su Dawakin Tofa da Ungogo da Gezawa, gona ce ke bin gona, ana noma kowace shekara ba tare da an bar ƙasa ta huta ba. Itatuwan da ake gani a can, kamar gawo da kuka da ɗorawa da tsamiya, manoma ne suka zaɓa suka bari a gonakinsu saboda amfaninsu, kowace bishiya da mai ita. Dajin da ba gonar kowa ba ne sai can kudu, inda ruwan sama ya fi yawa, duwatsu suka yawaita, mutane kuma suka fi ƙaranci. Wannan ne ya sa Falgore ya zama abin da jihar take tinƙaho da shi, shi ne kuma ya sa idon masu neman itace da makiyaya da manoma yake kansa.

Tarihi

Yankin yana kan iyakar ƙasar Kano da ta Zazzau da ta Ningi. A ƙarni na 19 Ningawa sun riƙa fitowa daga duwatsunsu suna kai hari garuruwan kudancin Kano, har Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya shafe shekaru yana yaƙi da su. Rashin zaman lafiya ya sa mutane suka tattaru a garuruwa masu ganuwa, ƙudan tsando da ke bakin rafuka kuma ya hana shanu zama. Hakan ya bai wa daji damar cika, namun daji suka yawaita.

Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, sun kafa dokokin gandun daji da suka bai wa hukumomin En'e ikon keɓe wasu dazuzzuka. A ƙarshen shekarun 1940 aka keɓe wannan daji da sunan Kogin Kano, domin a kare bakin kogin daga zaizayar ƙasa, a kuma tanadi katako da itacen girki. An ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, kuma a zamanin gwamnanta na farko, Audu Baƙo, aka ɗaga darajar dajin zuwa gandun namun daji, inda aka haramta farauta. Gwamnatin ce kuma ta gina madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, da gidan namun daji na cikin birnin Kano.

A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ƙarƙashin Shugaba Muhammadu Buhari ta amince a ƙara gandayen daji guda 10 a kan guda 7 da ƙasa take kula da su. Falgore yana cikin jerin, tare da Baturiya a Jigawa da Kogo a Katsina da Pandam a Filato.

Yanayin ƙasa

Dajin yana gindin tsaunukan da suka gangaro daga tudun Jos. Ƙasarsa tudu da kwari ce, da fako mai jan tsakuwa, da manyan duwatsu da suka tsaya ɗai-ɗai. Can kudu akwai duwatsun Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza. Kogin Kano yana tasowa daga wannan yanki ya nufi arewa, ƙananan rafuka suna zuba a cikinsa. Daga Tiga ruwan yake tafiya gonakin noman rani na Kadawa da Kura, sa'annan kogin ya haɗu da na Challawa su zama Kogin Haɗejia, wanda ke bi ta Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Saboda haka lafiyar dajin ta shafi manomin shinkafa da tumatir da ke nesa da shi: idan aka sare itatuwan bakin kogi, ruwan sama yakan kwashi ƙasa ya zuba a madatsa, ta riƙa cikewa da laka.

Damina takan fara a watan Mayu ta ƙare a Oktoba, ruwan da ake samu a shekara kuma yakan kai milimita 1,000 ko fiye, wato ya ɗara na arewacin jihar. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne, Maris da Afrilu kuma zafin bazara.

Itatuwa da ciyayi

Bishiyar da ta fi bayyana irin wannan daji ita ce doka, wadda ke fitar da sabon ganye ja tun kafin ruwan farko ya sauka. Akwai kuma maje da ƙirya da marke da baushe da taura da kaɗanya da ɗorawa. A bakin rafuka itatuwa sun fi tsayi da duhu, a nan ake samun maɗaci da ɗinya da kanya da gora. Ciyawar gamba takan wuce tsayin mutum a ƙarshen damina, da ita ake yin zana. Mutanen ƙauyukan gefen daji suna samun zuma da man kaɗe da kalwar daddawa da saiwoyin magani.

Dabbobi da tsuntsaye

A da an san dajin da gwanki da kanki da gwambaza da ɓauna da damisa da kura. Farauta da kiwo sun rage manyan dabbobin ƙwarai, har ganinsu ya yi wuya. Waɗanda suka fi jurewa su ne gwaggon biri da jan biri da mugun dawa da gada da dila da zomo. Tsuntsaye kuwa suna da yawa: zabon daji da fakara da cilakowa da burtu da shaho, ga tsuntsayen ruwa da ke taruwa a gefen Tiga. Ƙungiyar BirdLife International ta sa Falgore, haɗe da gandun Lame-Burra na Jihar Bauchi da ke maƙwabtaka da shi, cikin wurare masu muhimmanci ga tsuntsaye.

Yawon buɗe ido

Daga Kano ana bin hanyar Zariya zuwa Kwanar Ɗangora, a karkata a nufi Tudun Wada. Titin da ya tafi Doguwa da Saminaka da Jos ya ratsa ta cikin dajin, don haka matafiya da yawa sun san shi ta tagar mota. Lokacin da ya fi dacewa da ziyara shi ne rani, daga Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe, dabbobi kuma suke zuwa shan ruwa a kududdufan da suka rage. Abubuwan da ke jawo masu ziyara sun haɗa da kallon tsuntsaye, da hawan duwatsu, da ɗaukar hoto, sai kuma kamun kifi da shiga kwalekwale a Tiga. Ɗalibai daga jami'o'i da kwalejojin Kano suna zuwa nazarin tsirrai da ƙasa. Shiga tsakiyar dajin yana buƙatar izinin hukuma da rakiyar ma'aikatan gandun daji. Falgore bai kai Yankari na Jihar Bauchi ba wajen masauki da yawan baƙi.

Ƙalubale

Babbar matsalar dajin ita ce sare itatuwa domin itacen girki da gawayi, waɗanda ake lodawa a manyan motoci zuwa birnin Kano. Akwai kuma cinna wa daji wuta da rani, da faɗaɗa gonaki zuwa cikin iyakarsa, da garkunan shanu da ke shiga neman ciyawa.

A shekarun 2010 dajin ya yi ƙaurin suna saboda ɓarayin shanu da 'yan fashi da masu garkuwa da mutane da suka mayar da shi maɓoya. A 2017 rundunar sojan ƙasa ta Najeriya ta mayar da wani ɓangarensa filin horar da sojoji. A 2018 gwamnan jihar na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ya yi kira ga Fulani makiyaya su zo Kano, yana mai nuni da cewa Falgore zai iya ɗaukar dabbobinsu. Wannan ya sake taso da tsohuwar muhawara kan amfanin dajin: masu kare muhalli suna ganin kiwo mai yawa ba ya tafiya tare da namun daji, makiyaya kuma suna kukan cewa gonaki sun cinye burtali da makiyaya a sauran sassan jihar.