Daga Mai Bishara Zuwa Fasto: Yadda Ikkilisiyoyin Arewa Suka Raini Shugabanninsu

Yau za mu leƙa wani ɓangare na tarihin Arewa wanda aka yi shi da Hausa, amma aka fi rubuta shi da Turanci, wato yadda fastoci 'yan ƙasa suka taso, da yadda suka horar da na bayansu.

Mu fara da lissafin shekaru, domin a nan zancen yake. 'Yan mishan na SIM uku, Gowans da Kent da Bingham, sun sauka Ikko a ƙarshen 1893 da niyyar shiga ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran yankinmu a lokacin. Biyu sun mutu cikin shekara guda, sai Bingham kaɗai ya koma gida. Sai a 1902 SIM ta samu ta kafa tasha a Patigi. Ita kuwa SUM ta iso Wase a 1904 ƙarƙashin Karl Kumm. To amma reshenta na Ingila bai naɗa fasto ɗan ƙasa ba sai a 1938, lokacin da aka keɓe mutum uku: Toma Tok Bot na Forum, da Bali Falang na Langtang, da David Lot na Panyam. Shekara talatin da huɗu ke nan. Jaririn da aka haifa ranar da Kumm ya iso ya isa ya aurar da 'ya kafin a yarda wani ɗan ƙasa ya yi baftisma da hannunsa.

Me ya kawo wannan jan ƙafa? Ba rashin mutane ba ne. Tun kafin 1938 'yan ƙasa ne ke ɗauke da mafi yawan aikin. Gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita shigar mishan cikin masarautun Musulmi, don haka aikin ya karkata zuwa Filato da kudancin Zariya da Adamawa da kwarin Binuwai. Turawan ba su da yawa, harsunan yankin kuwa ba sa ƙirguwa. Wanda ke zuwa ƙauye ya zauna shi ne mai bishara. Sau da yawa yaro ne da ya fara aiki a gidan Bature ko a ɗakin shan magani, ya koyi karatu, aka yi masa baftisma, sannan aka tura shi inda babu ko mai bi ɗaya. Ya yi noma da rana don ya ci, da yamma ya tara yara ya koya musu a, ba, ca, ran Lahadi ya yi wa'azi a gindin itace. Aikin kiwon yana hannunsa, amma baftisma da Jibin Ubangiji sai an jira Bature ya zagayo. Turawan suna cewa mutanen ba su nuna ba tukuna. A ganinmu akwai tsoron sakin ragama a ciki, domin mutumin da aka amince masa ya kafa ikkilisiya daga tushe, da wuya a ce bai isa ya riƙe ta ba.

Abu biyu suka sauya lamarin. Na farko shi ne fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na CMS, wanda ya daɗe a Zariya, ya taka babbar rawa a ciki. Wannan ya sa Bajju da Birom da Tarok da Bachama suka samu littafi guda da harshe guda da za su zauna aji ɗaya su yi karatu. Abin lura gare mu marubuta shi ne, akasarin waɗanda suka raya Hausar coci ba Hausawa ba ne. Da harshen kasuwa suka koyi tauhidi. Kalmomin da suka yi aiki da su kuwa tsofaffin kalmomi ne na gida: almajiri, malami, dattijo, zunubi, alheri, tuba, annabi. Idan Bahaushe Musulmi ya ji fasto yana maganar almajirantarwa, hoton da zai zo masa na yaro ne zaune gaban malam, kuma bai yi nisa da abin da ake nufi ba, wato koyo ta hanyar zama tare da bin sawu.

Na biyu shi ne makarantu. SIM ta buɗe makarantar Littafi Mai Tsarki a Kagoro a farkon shekarun 1930, SUM ta buɗe Gindiri a 1934, sannan aka buɗe ta Igbaja a 1941 inda ake karatu da Turanci. A ƙetaren iyaka, SIM ta yi irin wannan makaranta a Tsibiri kusa da Maradi. Tsarin makarantun na Hausa ya cancanci a tsaya a kansa. Ɗalibi ba saurayi ba ne da ya gama firamare. Magidanci ne wanda ikkilisiyarsa ta riga ta gwada shi shekaru, ta ga yadda yake da matarsa, da yadda yake riƙon kuɗin baiko, sannan dattawa suka ce ya tafi. Yakan zo da iyalinsa, ya yi noma, matarsa ma ta shiga aji. Ba ya isa ya ce an kira shi a karɓa haka nan, sai jama'a sun shaida. Idan ya gama sai ya koma bishara, a sake dubansa, kafin a yi zancen naɗi. Matan nan da suka koma ƙauyuka da karatu suna cikin waɗanda suka riƙe Zumuntar Mata, wadda duk wanda ya san coci a Arewa ya san ita ce ƙashin bayanta.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. An kafa ECWA a 1954, ikkilisiyoyin da suka fito daga SUM da na Brethren suka haɗu a 1955 suka kafa tarayyar da yau ake kira TEKAN, sannan aka buɗe kwalejin tauhidi ta TCNN a 1959, wadda ta fara a Gindiri kafin ta koma Bukuru. David Lot da kansa ya shiga siyasa, ya jagoranci Middle Zone League a farkon shekarun 1950, abin da ke nuna cewa makarantun nan ba coci kaɗai suka yi wa tanadin shugabanni ba.

Sai dai ci gaban ya zo da tsaga. Da aka samu matakin Turanci, fastoci suka kasu biyu: mai takardar Hausa da mai takardar Turanci. Na farko ya fi sanin jama'a, shi ake turawa ƙauye. Na biyu shi ke samun cocin birni da kujerar sakatare. Rayuwar Byang Kato ta nuna iyakar inda tsanin Turanci ke kaiwa. An haife shi a Kwoi a 1936, ya yi karatu a Igbaja, ya wuce Landan, ya zama babban sakataren ECWA a 1967, ya yi digirin dokta a Dallas ta Amurka, ya zama babban sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka baki ɗaya. Ya rasu a ruwa kusa da Mombasa a Disambar 1975 bai cika arba'in ba. Babban abin da ya dame shi shi ne ikkilisiya tana yaɗuwa amma iliminta bai yi zurfi ba, don haka ya matsa a kafa manyan makarantun tauhidi. Kwalejin ECWA ta Jos ta buɗe a 1980. Amma littafinsa da ya yi suna da Turanci ya rubuta shi, kuma mai bisharar da ke bayan Kafanchan ba zai iya karanta shi ba.

An yi ƙoƙarin cike wannan giɓi ta wata hanya. Shirin Sabon Rai Don Kowa, wanda ya taso a farkon shekarun 1960, ya ɗora nauyin bishara a kan kowane mai bi, aikin fasto ya zama horar da su cikin ƙananan ƙungiyoyin addu'a. Daga baya aka shigo da tsarin karatun tauhidi daga gida, wanda aka fara a Gwatamala a 1963: dattijo ya yi nazarin darasinsa a gida, malami ya zagayo su tattauna, ba tare da ya bar gonarsa ba. Hujjar da ake kafawa da ita ita ce wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Timoti, inda aka umarce shi ya danƙa abin da ya koya ga amintattu waɗanda za su koyar da wasu. Ƙungiyar mishan ta ECWA, wato EMS, wadda Panya Baba ya jagoranta daga 1970, ta tura irin waɗannan mutane har zuwa wajen Nijeriya.

Tarihin mutum ukun nan na 1938 yana rubuce, amma yawancinsa a littattafan mishan ne, da Turanci, ta bakin waɗanda suka naɗa su. Na ɗaruruwan masu bishara da suka riga su kuwa yana cikin rajistar baftisma da littattafan taron dattawa, da dama da Hausa aka rubuta su da hannu, suna ajiye a akwatunan ofisoshin gunduma. 'Ya'yan ɗaliban farko na Gindiri da Kagoro yanzu tsofaffi ne, kuma su ne suka rage da za su iya faɗin abin da aka koya wa iyayensu mata a aji.