Rigar bosho da katin ɗakin karatu a Wadata

Duk shekara idan watan Oktoba ya matso, iyaye a unguwarmu sai su shiga lissafi. Ga kaye da bik, ga takalmi, ga tufafin yara, ga kuma takardar littattafan da makaranta ta rubuto. A gidaje da yawa tufafi ne ke cin nasara, littafi ya jira wata mai zuwa, watan kuma ba ya zuwa. Ban ga laifin kowa ba, don yaro ba zai tafi lakol tsirara ba. Amma ni da na tashi tsakanin kasuwar Wadata da ɗakin karatu, yanzu kuma nake koyarwa a firamare, ina so mu waiwaya mu ga yadda aka yi abubuwan nan biyu suka zo mana, da kuma inda suke neman kufce mana.

Mu fara da kasuwar. A ƙarshen watan Maris na 1982 gobara ta cinye Babbar Kasuwar Yamai, wadda Zabarmawa ke kira Habu Bene. Sai a 1987 aka buɗe sabuwar da muke gani yau. Tsofaffin 'yan kasuwar Wadata har gobe da wannan gobarar suke fara labarinsu: an kawo su nan ne su ɗan zauna kafin a gama gini, sai zaman ya zama na dindindin. Tashar mota na kusa, baƙi daga Dogon Dutsi, Konni, Maraɗi da Damagaram nan suke fara sauka, kuma baƙon da ya sauka lokacin hunturu abin da ya fara nema shi ne rigar sanyi. Ga ciniki ya samu.

Kayan da muke kira bosho, a Kano gwanjo suke ce masa, kuma wanda ya taɓa shiga Ƙofar Wambai ya ga irin tulinsa. A kudancin Najeriya sunansa okirika, daga sunan wani gari na bakin ruwa kusa da Fatakwal. A Gana kuwa sunan da suka ba shi ma'anarsa “Bature ya mutu”, don mutane sun kasa yarda cewa mai rai zai rabu da riga mai kyau haka. Gaskiyar ita ce yawancin masu kayan suna nan da ransu. A Turai da Amurka mutum yakan zuba tufafin da ya gaji da su a akwatin ƙungiyoyin agaji, irin su Oxfam ta Ingila ko Emmaüs da Le Relais na Faransa. Kaɗan ake sayarwa a can. Sauran sai a tantance, a matse a dila mai nauyin kilo 45 ko 55, a sayar wa 'yan kasuwa, jirgin ruwa ya sauke a Kwatano ko Lome, manyan motoci su hauro da su. Abin da aka bayar kyauta a can, da kuɗi yake iso mu, kuma kowane hannu da ya bi sai ya ɗora ribarsa.

Ranar da bosho ya zama sarki a gidanmu ina iya faɗinta: 12 ga Janairu 1994, da aka karya darajar sefa. Faran ɗaya na Faransa da yake sefa 50 ya koma 100 a dare ɗaya. Duk abin da ke zuwa daga waje ya yi tsalle, magani, yadi, littafi. Mahaifina ƙaramin ma'aikacin gwamnati ne, kuma shekarun nan ne ake bin gwamnati bashin albashi wata da watanni. Kafin nan, kowace sallah yakan yanko mana yadi a kai wa tela. Daga wannan shekarar ɗinki ya koma na sallah ƙarama kaɗai, sauran kwanakin shekara kuwa sai Wadata.

Ranar fasa dila wani biki ne. Da sassafe ake yanke ƙarfen da ya ɗaure ta, kaya su kumbura su zube, warin maganin da aka fesa musu ya tashi. Masu shaguna su fara kwashe na gaba, masu talla a kafaɗa su biyo baya, mu kuma 'ya'yan masu jiran albashi mu tsaya sai rana ta yi, lokacin da farashi ya sauko. Mai dila kansa caca yake yi, don bai san abin da ke ciki ba sai ya buɗe. Innata ta iya wannan fagen. Takan ɗaga riga ga rana ta duba hammata da wuya, ta ja ɗinki, ta ajiye kamar ba ta so, ta yi taku uku, sai a kira ta: “Hajiya, dawo, kawo abin da ke hannunki.” Ba ta je Makka ba a lokacin, amma a kasuwa kowa Hajiya ce.

Akwai masu cewa bosho ne ya kashe masaƙunmu. Ina ganin rabin gaskiya ne. SONITEXTIL ta Yamai ta yi fama har aka sayar da ita, masaƙun Kaduna irin su KTL da UNTL sun rufe a shekarun 2000, amma tsadar wuta, atamfar Sin mai araha da fasa-ƙwauri duk suna da hannu. Najeriya ta daɗe da haramta shigo da gwanjo, bai hana shi cika kasuwanninta ba, ta iyakokinmu da na Benin yake bi. Da ƙasashen gabashin Afirka suka yanke shawarar hana shi a 2016, Amurka ta matsa lamba, saura suka janye, Ruwanda ta tsaya, sai a 2018 aka cire mata rangwamen shigar da tufafinta kasuwar Amurka. Wato tsumman nan yana da masu tsaronsa a manyan ofisoshi.

Yanzu ga inda littafi ya shigo. Ina aji na biyu a kwaleji, Baba ya ba ni kuɗin wando biyu. Na yi amfani da darasin Inna, na sayi ɗaya mai kyau da ɗaya da tela zai rage, canji ya ragu a hannuna. Wani abokina ya ja ni zuwa Cibiyar Al'adu ta Umaru Ganda, CCOG, da ke nan kusa da mu. An sa mata sunan mai shirya fim ɗin nan da ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981. Mu dai wasan kwaikwayo da kiɗa muka san ta da su, ban san akwai ɗakin karatu a ciki ba. Da canjin wandon nan na yi katin farko a rayuwata.

Daga baya na riƙa taka sayyada zuwa Cibiyar Al'adun Faransa da Nijar, wadda aka kafa a 1963, daura da gidan tarihi na ƙasa. Tafiya ce mai nisa daga Wadata ga wanda ba shi da kuɗin taksi, amma akwai sanyi a ciki da kujera, kuma ba mai korarka. A ɗakunan nan biyu na karanta Sarraounia na Abdullahi Mamani, wanda ya fito a 1980, na ga ashe labarin Lugu da Azna da kakata ke ba mu da dare yana iya shiga littafi. Na karanta Amadu Usman, na karanta Camara Laye. A shekarun da yajin aiki ya cinye mana karatu, ɗakin karatu ne ajin da ba a rufe ba.

Wata damina ruwa ya kama ni a hanya da littafin aro a cikin riga. Ya jiƙe, ya kumbura kamar burodi. Sati biyu ina ɓoyewa, daga ƙarshe na je wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa, na samo irinsa na mayar. A nan na gano littafi ma yana da boshonsa. Da yawa daga cikin waɗanda ke shimfiɗe suna ɗauke da hatimin wata makaranta ko wani ɗakin karatu na wani gari a Faransa da ya gama da su. Bambancin shi ne, wandon wani idan ya yi maka yawa tela zai rage shi da dala ashirin. Littafin da aka rubuta don yaron da ya san dusar ƙanƙara da jirgin ƙasa babu telan da zai rage shi ya dace da yaron Wadata. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, ban same shi a kanta ba, wani direban motar Maraɗi ne ya ara mini, bangonsa ya cire. A dare uku na gama shi, kuma shi ne karon farko da na yi karatu ba tare da ina fassara wa kaina a zuci ba.

Abin da ya sa na ɗauko maganar nan yanzu shi ne ƙasa ta motsa a ƙarƙashin abubuwan biyu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyakar Benin, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, dila ta yi tsada, har uwa takan tsaya gaban tulin kayan yara ta juya hannu wofi. Cibiyar Faransa, wadda ta ɗauki sunan Jean Rouch bayan rasuwarsa a hatsarin mota kusa da Konni a 2004, ta daina zama ta ƙasashe biyu, a 2024 aka sa mata sunan Mustafa Alasan, wani gwanin fim namu. A Maris 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wadda ita ce ta assasa tsarin ƙananan ɗakunan karatun nan na CLAC. A watan dai aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Na yi murna da sunan Mustafa Alasan, na yi murna da matsayin Hausa. Sai dai sayen sababbin littattafai duk shekara, da biyan mai kula da su, da gyaran rufi kafin damina, yanzu ba wanda za mu jira ya yi mana. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, fiye da shekara hamsin ke nan, kuma akwai masu buga littattafan yara cikin harsunanmu a nan Yamai, irin su Gashingo. Amma ku tambayi 'yan ajinku, malamai 'yan'uwana, su nawa ne suka taɓa riƙe littafin labari na Hausa da ba na darasi ba. Na tambayi nawa bara. Hannu huɗu suka tashi, ɗaya ma ina zaton don ya faranta mini ne.

A taron iyaye na farkon shekara na roƙi abu ɗaya: duk wanda ya je Wadata sayen kayan yara, idan ya yi ciniki ya samu ragi, ya kawo ragin. Wani uba ya ce, “Mushe, ragin ai na cefane ne.” Na ce gaskiya ne, wanda ya iya. Iyaye goma sha ɗaya suka kawo. Muka sayi littattafai tara, biyar na Hausa, muka zuba a tsohuwar akwatin ƙarfe da makulli. Ranar Juma'a ake ara, ranar Litinin a dawo da shi, kuma na ce kowa ya zo da leda saboda ruwa.