Yadda Na'ura Ta Koyi Gani: Daga Tubalan Roberts Zuwa Rumfunan Zaɓen Bauchi

Ranar 25 ga Fabrairun 2023, masu zaɓe a Bauchi sun bi layi gaban na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS. Wanda yatsansa ya ƙi karɓuwa, sai ma'aikacin zaɓe ya saita ta da fuskarsa, ta gwada da hoton rajista. Aikin daƙiƙoƙi ne, amma shekara 60 masana suka yi suna fama kafin a kai nan.

A 1963 Lawrence Roberts, ɗalibi a MIT ta Amurka, ya rubuta kundin digirinsa na uku kan yadda kwamfuta za ta gane abu mai tsawo da faɗi da kauri. Wahalar ita ce hoto shimfiɗaɗɗe ne. Tukunya guda, ka leƙa ta sama ka ga da'ira, ka duba ta gefe ka ga wuya da tumbi. Roberts ya fara da tubala masu kusurwa. Kwamfuta ta bi inda haske ya rabu da inuwa ta zana gefunan, sannan ta riƙa jujjuya siffofin da aka adana mata har ɗaya ta dace.

A 1966 Seymour Papert ya tsara wa ɗaliban MIT su ci ƙarfin aikin cikin hutu guda. Ashe tafiyar doguwa ce. Sai a 2009 Fei-Fei Li da abokan aikinta suka fito da ImageNet, rumbun miliyoyin hotuna masu suna. A 2012 Geoffrey Hinton da ɗalibansa biyu na Jami'ar Toronto suka lashe gasar gane hotuna ta ImageNet da manhaja mai koyo daga misalai. A 2017 Apple ta fitar da wayar da ke watsa ɗigon haske sama da 30,000 a fuska don auna tudu da kwarinta.

Sai dai na'ura abin da aka nuna mata ta sani. Binciken Joy Buolamwini da Timnit Gebru na 2018 ya gano wata manhaja tana kuskure kan kusan kashi 35 cikin ɗari na mata baƙaƙe, alhali kan fararen maza kuskuren bai kai kashi 1 ba.

Nan aikin Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi yake, wadda aka kafa a 1980 domin fasaha. Ɗalibanta su shiga kasuwar Wunti da ta Muda Lawal, su ɗauki ƙwarya da turmi da buhun masara ta kowace kusurwa, su sa musu sunayen Hausa. In ba mu nuna wa na'ura kayanmu ba, babu wanda zai zo ya nuna mata.