Yadda Sunan Albasar Galmi Ya Kusa Kuɓucewa Manomanta

Galmi gari ne a jihar Tawa, kan hanyar Ƙonni zuwa Maraɗi, kuma albasarsa ta yi suna daga Abijan har Akkara. Abin da ya sa nake son labarinta shi ne yana nuna yadda dokar mallakar fasaha take shiga gonar mutumin da bai taɓa jin sunanta ba.

Tushen maganar yana Libreville, inda ƙasashe 12 da Faransa ta raina suka kafa ofishin rajista guda a 1962. A 1977 aka sake yarjejeniyar a Bangi, aka haifi ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde. Yau ƙasashe 17 ne a ciki, har da Nijar, Kamaru da Cadi. Najeriya ba ta ciki. Tsarin yana da ƙarfi: rajista ɗaya a Yawunde ta wadatar a duk ƙasashen. Wanda ya ƙirƙiro wata na'ura yana samun kariyar shekara 20, tambarin kasuwanci kuwa shekara 10 ne, ana sabuntawa.

A 1999 aka yi wa yarjejeniyar gyara, aka shigar da irin shuka, sashen ya fara aiki a 2006. Ba a jima ba wani kamfanin sayar da iri na Senegal ya nemi a ba shi kariya kan albasa da sunan Violet de Galmi. Da an amince, da shi ke da ikon cewa wa zai sayar da wannan iri a ƙasashen ƙungiyar, ciki har da Nijar kanta. Manoman da suka gaji irin daga iyaye da kakanni, suna zaɓensa shekara da shekaru, da sun wayi gari suna neman izini.

Hukumomin Nijar da ƙungiyoyin manoma suka tashi tsaye. Hujjarsu a ganina ba ta da kaucewa: doka ta ce sai iri ya zama sabo kafin a kare shi, to ina sabunta a albasar da ta daɗe a kasuwa? Kamfanin ya janye sunan, ya koma kiran nasa Violet de Damani.

Amma hana wani ɗauka daban ne da mallaka. Makamin da ya dace da irin wannan dukiya shi ne alamar asalin wuri, wadda ba ta mutum ɗaya ba ce, ta duk masu noman yankin ce muddin sun bi ƙa'idojin da aka rubuta. Barkonon Penja da farar zumar Oku na Kamaru suka fara samunta a 2013. Nijar ta jira har 2021 kafin albasar Galmi da kilishi su shiga rajista.

Ni dai ina ganin jinkirin ya yi yawa, kuma takarda ba ta tsaron buhu. Albasa daga wasu yankuna tana iya shiga kasuwa da sunan Galmi, kuma sai ƙungiyar manoman ta sa ido ta kai ƙara kafin a hukunta kowa.