Sitiyari da Takardar Shaida a Tarihinmu

Kakanninmu da suka biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, da allo da fartanya suka sauka a gaɓar Nilul Azraƙ. Da aka kammala madatsar Sinnar a 1925, audugar Jazira ta nemi hannuwa, da yawanmu muka zama 'yan ƙwadago a kambo, nesa da makarantar gwamnati. Dokar 1948 kuma ta tsananta samun jinsiyya, aikin ofis ya ƙara yi mana nisa.

Laka ce ta buɗe mana wata ƙofa. Da damina baƙar ƙasar da ke tsakanin Sinnar, Sinja da Damazin takan riƙe taya, sai Bedford ko Land Rover mai jan ƙafa huɗu, sai direban da ya san hanya. Almajiri kan fara a yaron mota, ya koyi sifana a gareji, ya gaji sitiyarin maigidansa, ba tare da takarda ba.

Da guminsu gidaje da dama suka kai 'ya'ya Jami'ar Jazira a Wad Madani. Mai digirin cikinmu ya tuna hannun da baƙin mai ya ɓata domin ya riƙe alƙalami.