Canji ko sauyi?

1/ Kakana a Limancin Kona ba ya son kalmar "canji". Wai ta Bature ce, mu sauyi muka gada. Amma da ita muke ƙirga shekaru.

2/ 1972: canjin hannu, motoci suka koma dama. 1973: canjin kuɗi, fam da sule suka tafi, naira ta zo. 1984: Buhari ya canja launin kuɗi, masu ɓoyo suka ji jiki.

3/ A 2015 da bakina na yi ihun "Canji!" a Ƙofar Doka.

4/ Tsohon ya ce: "Jikana, canji ko mai shago yana bayarwa, ragowa ce. Juyi kifarwa ne. Ni sauyi nake jira."

Ku fa, wanne kuka gani?